Farin da Tabita Ta Bari

Kwana uku famfon unguwarmu bai ce uffan ba.
Tabita ta sayi jarka ɗaya a hannun ɗan ga-ruwa,
ta raba: na tuwo, na wanka, na akuya,
ta rage rabin gwangwanin tumatir, ta ce wannan na Ubangiji ne.

Da sassafe take zane.
In rana ta hau duwatsun Birni, in ji ta,
takarda kan shanye ruwa kafin hannu ya gama shawara.

Ta jiƙa takardar tukuna, ruwa zalla,
kamar mai yayyafi a ƙofar gida kafin shara.
Sannan ta ɗiga shuɗi.
Ba ta ja shi ba, da ƙafarsa ya tafi,
ya bazu, ya yi laushi a gefe, ya zama sama.
Ta kawo jan ƙasa irin na tsofaffin katangun Zango,
inda ya gamu da shuɗin
wani launi ya fito wanda babu shi a akwatinta.

Rijiya ce. Mace da tulu, ta ba da rabin baya,
igiyar guga ta yi sako-sako a hannunta.
Almasihu na zaune a bakin rijiyar, a gajiye,
tafin hannunsa a buɗe.
Shi ke roƙon ruwa.

Na ce, ina farin fentin rigarsa?
Ta yi dariya. Babu.
Fari ba a shafa shi, barinsa ake yi.
Ka kewaye shi da inuwa, ka kame hannunka,
hasken na takardar ne tun asali.

Wani ɗigo ya kuɓuce daga bakin buroshi
ya gangara kuncin matar.
Na kai hannu ga tsumma, ta riƙe ni.
Ruwan da ya zube ba ya komawa tulu. Bar shi,
wa ya sani ko ita ma abin da ta yi ke nan.

Ta jingine takardar ta sha iska.
Leɓunanta na motsi, ban ji abin da take faɗa ba,
ban kuma tambaya ba.
Ruwan gwangwanin ya koma launin toka,
sama da ƙasa da inuwa duk suna ciki.
Ta tashi ta kai wa ɗan zogalen bayan ɗaki.