Saƙon da Bai Iso Ba

Na ce, Baffa, rufe idonka.
Ya rufe yana murmushi,
kamar yaron da za a ɓoye wa alewa.
Na zare tsinke guda daga tsintsiya,
na taɓa tafin ƙafarsa ta dama.
Ka ji?
Ya ce, au, har kin fara?

Wannan ƙafar ce fa
da ta yi shekara arba'in a fadamar Dadin Kowa,
wadda in ta shiga shinkafa da asuba
take gaya masa, tun ido bai gani ba,
ko an saki ruwan dam cikin dare.
Ta san ƙaya, ta san tsakuwa,
ta san matsattsaku tun bai gama kamawa ba.

A makarantar jinya a Gombe aka koya mini
cewa fata aike kawai take yi.
Jijiya ce ɗan aiken, siririya kamar yanar gizo,
ta ɗauko labarin lakar gona,
ta bi da shi ta lakar gadon baya,
har wurin ƙwaƙwalwa
da ke zaune cikin duhun ƙoƙon kai.
Ba ta taɓa ganin rana ba,
ba ta taɓa taka ƙasa ba,
duk duniyarta an ce, an ce.
Amma ita ke yanke hukunci:
wuta ce, janye.
Ruwa ne, tsaya ka ji daɗi.

Ciwon suga ya ci hanyar
yadda damina ke cin gada.
Ɗan aike na can ƙetare yana ta kira.

Ran Asabar ƙusa ta huda takalminsa.
Ya yini da ita, ya yi ciniki, ya gaisa da jama'a.
Inna Dudu ce ta ga jini a tabarmar salla.

Da dare kuma sai ya tashe ni,
wai cinnaku sun cika masa yatsu.
Na haska tocila. Babu ko ɗaya.
Ashe in shiru ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa
sai ta ƙaga nata labarin,
kamar uwar da ɗanta ya daɗe a tafiya:
iska ta taɓa ƙyaure,
ta ce ga shi nan.

Na hau da tsinken.
Idon sawu, shiru.
Ƙwauri, ya ce kamar dai, daga nesa.
Da na kai gwiwa sai ya zabura:
ke Jebu, cakulkuli za ki yi wa ubanki?
Muka yi dariya, tawa ta fi tasa gajarta.

Bai buɗe idon ba tukuna
ya ɗaga hanci:
je ki ce wa Dudu tuwonta na kamu.
Ni ban ji ƙaurin ba
sai da na kai bakin murhu.

Yanzu kullum bayan magariba
nakan ɗora ƙafar a cinyata,
in buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya,
in duba, in faɗa masa abin da na gani.
Ta baki saƙon ke bi.
Yana isa, ko da a makare.