Kilo Ashirin da Uku

Sikelin Malam Bappa mai gero muka aro,
muka rataye a reshen darbejiyar tsakar gida.
Akwati ya hau, allura ta zarce talatin.
Inna ta ce sikelin ƙarya yake yi,
dama tun bara take zarginsa.

Muka sake zazzagewa a kan tabarma.

Kwat ɗin nan ran Laraba na sayo a Wunti,
wajen Ɗanlami mai gwanjo, daga dilar da ya fasa da safe.
Ya ɗaga shi sama kamar mai tallan fatar rago,
ya ce, "Wannan ya san hanya, can aka haife shi,
gida kawai za ka mayar da shi."
Na gwada da tsakar rana, gumi har ƙugu,
'yan acaɓa na kallo suna ƙyaƙyatawa.
A aljihun ciki na tarar da safar hannu guda,
ta hagu, ja, babban yatsan ya huje.
Wa ya yar da 'yar'uwarta, a wane titi?
Ban jefar ba.

Rabi'u, da ya riga ni tafiya da shekara biyu,
ya turo murya, hancinsa a toshe:
safa, in ji shi, safa, ka ƙara safa.
Takalmi mai ƙasan roba, kar ka zo da na sallah.
Kilishi kuwa a bakin ƙofa za su karɓe,
gara ku cinye a gida.
Kuma magariba ƙarfe huɗu take yi,
kada ka ce ban faɗa maka ba.

Muka cinye kilishin a nan, har da maƙwabta.

Na cire kaftani uku, na bar biyu.
Na cire littafin da ya fi bulo nauyi.
Inna ta dafe ƙullin kuka da tafin hannu,
daddawa cikin leda, cikin leda, cikin gwangwani,
yaji, busasshiyar kuɓewa,
man kaɗanya don leɓe da dunduniya.
Na kai hannu kan muciya.
Ta dube ni. Na janye.

Baba bai ce komai ba tun la'asar.
Ya duba fasfo, ya duba biza, ya sake duba fasfo,
sannan ya naɗe dardumarsa mai bakin da ya zare,
ya cusa a gefe.
"In ruwa ya yi sanyi, ka ɗumama.
Ba jarumta ba ce."

Ashirin da uku cif.
Ƙanena ya buga tafi, kaji suka watse.

Cikin dare na ji zif yana tafiya a hankali,
haƙori bayan haƙori.
Na yi kamar ina barci.

Da asuba, kafin motar Abuja ta cika,
na zura hannu neman caja,
sai na taɓo ulu.
Safar hannu ce, ta dama, koriya shar,
don jan zare ya ƙare a shagon Asabe.
Yatsun ba su kai tsayi ɗaya ba.
Matar da ba ta san ƙanƙara ba sai ta cikin firji
ta kwana uku tana auna hannuna da ido.

Na sa ja a hagu, kore a dama.
Kwandasta ya leƙo, ya dube ni, ya dubi sama,
ya ce, "Malam, lafiya?"