Tun Ran Zubi

A Raahe, ƙarfe uku na rana
duhu ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa.
Teku ta daskare har bakin tashar jirage,
ni kuwa ina ɗakin gwaji
da ɗan yankin ƙarfe, bai fi faɗin farcena ba,
wanda aka maido mana daga kamfanin bututu
da takarda mai layi biyu: ya tsage a tsaka.

Na goge shi har ya nuna mini fuskata.
Na ɗiga masa asid.
Ƙarfe ba ya magana sai ya ji zafi,
kamar mazan gidanmu.

Ƙarƙashin madubi ga shi a fili:
zane-zane a jere, fari da baƙi,
kamar saƙar da zare ya yi wa gardama,
can tsakiya kuma layi ɗaya mai duhu,
miƙaƙƙe, bai karkace ba.

Na san labarinsa.
A tukunya kowa ɗaya ne,
manganis, farar wuta, niyobiyam, ɗan burbushin gawayi,
duk suna iyo cikin ruwa guda mai hasken rana.
Sanyi ne ke kawo wariya.
Daga bango yake farawa:
ƙarfe mai tsabta ya fara tsiro,
reshe kan reshe,
kamar dajin bayan gidan kakata in ƙanƙara ta kwana a kansa,
kowane reshe yana ture baƙi gaba,
ku matsa, ku matsa, nan ba wurinku ba ne.
Su yi ta matsawa cikin ragowar ruwa
har tsakiya, inda ba sauran wurin gudu.
Nan sanyi ke riskar su a cunkushe.

Sai a kai shi injin murza.
A gasa, a danne, a miƙe shi,
abin da ya kai kaurin katifa ya koma falle.
Tsofaffin ƙwayoyi su gaji da matsi,
sababbi su tsiro a gurbinsu, ƙanana, marasa tabo,
ka ce haihuwa ce ta biyu.
Amma ba ko'ina ba.
Inda niyobiyam ya taru ya kafa turaku,
iyakar ƙwaya ta zo wucewa, ya riƙe mata ƙafa.
Gefe ya sabunta, gefe yana nan a miƙe da tsohuwar gajiya.
Murza ba ta share abin da zubi ya rubuta,
ja masa tsawo kawai take yi.

Na duba lambar zubin.
Daren Talata, sha ɗaya ga wata.
Ruwan ƙarfe ya zarce zafin da aka yanka masa,
aka kuma ja shi da sauri don a cika lissafi.
Sa hannun da ke ƙasa na san shi tun ina 'yar firamare,
shi ya koya mini rubuta sunana.
Aulis. Yayana.
Daren nan matarsa Hilkka tana asibitin Oulu,
wayarsa na aljihu, hankalinsa na hanya.

Kofina ya huce.
A waje motar kwashe ƙanƙara tana kai da kawowa.

Mu huɗu mahaifiyarmu ta zuba a tukunya ɗaya.
Uku muka kama bango da wuri, muka sandare,
muka yi karatu, muka yi tsabta.
Bashin gida, jinyar Baba, aikin dare,
duk muka tura tsakiya.
Shi ya daskare a ƙarshe, da komai a cikinsa.

Zan rubuta rahoton, ba zan rage ko digiri ɗaya ba.
Bututu ba ya sanin ɗan'uwa.
Amma ranar Asabar, in ya hura wutar ɗakin sirace,
zan riga takarda isa wurinsa
da burodin da yake so, mai baƙin ɓawo.
Ƙarfe, in an bar shi cikin zafi ya daɗe,
abin da ya cunkushe yakan ɗan bazu.
A hankali.
Ba duka ba.