Tashar Da Ba Ta Wuce Rijiya

Rediyon Baba Tanimu ya girme ni.
Da roba aka ɗaure bayansa, eriyarsa wayar keke ce,
batir huɗu yake ci, in sun yi sanyi a shanya su a rana
su farfaɗo kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka.
Wayata kuwa tun da ta faɗa kwatami muryarta ta dushe,
in ta yi waƙa sai ka ce sauro a cikin gora.

Ranar kasuwar Gujungu na sayar da zabi biyu,
na tsaya rumfar Ɗanliti mai caji.
Ya miƙo min wani abu, bai kai kwalin ashana ba,
ya ce, "Soka shi a jikin wayarka,
ka nemi inda rediyo ba kowa, inda sai shuuu.
Saura ce, ba mai ita. Shuka abin da ka ga dama."

Bayan isha'i na zauna gindin rumbu
ina murɗawa a hankali kamar mai tatsar akuya.
Na wuce labarai, na wuce tallan maganin basir,
na wuce wani yana gaida surukansa na Ringim,
sai shuuu ɗin ya yanke.
Kalangu ya faso ta cikin tsohon akwati
da faɗi, da nauyi, har tumaki suka ɗaga kai.

Baba ya ce, "Wace tasha ce ba ta faɗin lokaci?"
Na ce, "Sabuwa ce."
Ya ce, "To, sun iya zaɓe."

Ashe ta tsallaka katanga.
Mamuda mai shayi ya aiko yaro da kofi har baki,
wai a maimaita ta kukuman nan.
Da safe na auna ƙasata da ƙafa:
taku arba'in da uku, daga rumbu zuwa rijiya.
Kana ɗora hannu a kan guga, kiɗa ya tsinke.
Iyakar mulkina ke nan.

A dare na uku waƙoƙi suka ƙare ina gyangyaɗi,
waya ta zarce abin da ke gaba.
Ƙarar dutsen niƙa.
Tari.
Sai muryar Inna Kuluwa tana rera wa gero waƙa,
wadda na ɗauka a ɓoye shekara biyu da suka wuce,
kafin daminar da ta tafi da ita.
Har da inda ta ce, "Kai, kau da abin nan daga bakina!"
ta kuma yi dariya.

Na kai hannu zan kashe.
Baba ya riga ni, ya ɗauke akwatin ya ɗora a cinya,
ya rufe shi da gefen babbar riga kamar mai gudun raɓa.
Bayan katanga cokulan shayi sun yi tsit.
"Ƙara mata murya," in ji shi.

Minti huɗu ne kawai. Shuuu ya dawo.
Ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce,
"Gobe ƙarfe nawa suke sa ta?"
Na ce, "Bayan isha'i."

Tun ranar nake kai caji kullum da la'asar.
Shi ma ya kwance bakin aljihu ya sayi batir sabo dal,
abin da ban taɓa gani ba.
Na zaci bai gane ba,
sai jiya, ina saka takalmi zan tafi dandali,
ya ce, ba tare da ya ɗago ba,
"In za ka wuce rijiya,
bar mana tashar a gida."