Mai Auna Ruwa

Ni ne mai auna ruwa a kan kwalta.
Ba a kiran sunana a lasifika.
Rigar leda ce da ni, da tocila,
da ɗan ma'auni da bai kai tsawon yatsa ba.

Daren nan na Agusta malka ta kwana uku,
hanyar Mando ta dame kamar kunu.
Shekwolo ya ja motar, muka bi titin sauka
daga wannan kai har wancan,
ina dira ina tsugunawa
kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Milimita uku.
Ita ce iyaka tsakanin jiƙa da tafki.
Ƙasa da haka taya na cizon kwalta.
In ya haura, sai ta hau ruwan ta yi zamanta
kamar ƙwarya a kan kogi,
birki ya damƙa, ya damƙi banza.

Inda jirage ke fara taɓa ƙasa
roba ta taru shekara da shekaru,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
santsi kamar an zubar da miyar karkashi.
Na rubuta a kankare. Aka ce sai kuɗi sun fito.
Magudanar gefe ciyawa ta shaƙe ta.
Ita ma na rubuta.

Na kira Lantana a hasumiya:
farko biyu, tsakiya uku, ƙarshe uku.
Ta maimaita, ta miƙa sama.
Amma rahoto ma yana tsufa.
Na ƙarfe tara ya zama tatsuniya
kafin tara da kwata,
don hadari bai jira sa hannuna ba.

Sai ga na Legas, ya makara awa biyu.
Iska ta juya, ta koma bayansa
tana tura shi kamar yaro da baro.
Ya zo da tsayi, ya zo da gudu,
ya wuce fararen zanen yana shawagi,
ƙafafu a miƙe, ƙasa ta ƙi zuwa.
Na ƙirga fitilu. Na bar ƙirgawa.

Ban san abin da ke ran direban ba.
Ko gajiya, ko lissafin mai,
ko gadon da ke jiransa a Barnawa,
ko dai waccan murya da ke ce wa mutum
ai ka riga ka iso.
Da muguwar sauka gara sake tashi,
na faɗa da ƙarfi, cikin ruwa,
ga wanda ba zai ji ni ba.

Ya dira a tsakiya.
Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku,
kafin injin ya juya rurinsa baya,
kuma kowace daƙiƙa ta ci filin ƙwallo.
Titi kuwa ba ya ƙara tsawo don an roƙe shi.

Taɓo ne ya tsayar da shi.
Taɓon da na zaga da yamma
ya riƙe ƙafar gaba har wuya.

Ba wanda ya mutu.
Suka sauko ɗaya ɗaya, babu takalma,
wani na salati, wani na kiran Yesu,
wata dattijuwa ta kama hannun rigata
tana tambayar ina kular kifinta.

Gobe za a ce ruwa ne.
To, ruwa ne.
Sai dai ruwa ba ya tsami banza:
akwai robar, akwai ciyawar,
akwai iska da gudu da jinkirin hannu,
akwai takardata da ke barci a wani ofis,
akwai ni,
da ban koma na sake aunawa ba.

Da asuba na tsuguna a sawun tayar.
Ya cika fal, kwaɗi har sun tare.
Na tsoma ma'aunin.
Ya nutse.