Lamba Tara

Ranar Lahadi ce, la'asar sakaliya,
a filin nan na bayan Basawa mai jar ƙasa.
Babura sha huɗu a jere, hayaƙi har maƙogwaro.
Tanimu na bisa a-kori-kura da lasifika,
gidan rediyo ya ba shi awa guda, shi ko ya samu abin yi.

"Ga Ɗalhatu na Tudun Jukun, ɗan gida, ba ka da tsara!
Ga Yero, ga Barau, 'yan ƙasa, jinin kore da fari!"
Da ya iso kan lamba tara sai ya ce, "Da wani daga Nijar,"
ya wuce kamar mai tsallake kwata.

Ni na san lamba tara.
Ni na ɗaure masa sarƙa a Kwangila daren Asabar,
yana haska mini tocila, yana cin gyaɗata.
Isuhu ɗan Tasawa.
Shekara shida yana acaba daga Samaru zuwa Sabon Gari,
in zai ce fari sai ya ce hwari, mu yi ta dariya.
Har yau ina bin sa kuɗin fulogi biyu.

Zagaye na biyar, a kwanar nan mai tsakuwa,
tayar gaba ta zame.
Ba wata ƙara mai yawa.
Hular kwano ta gangara ita kaɗai
ta je ta tsaya gindin dalbejiya.
Tayar baya na ta juyawa, ba wanda ya gaya mata.

Fili ya yi tsit.
Sai lasifika ta yi gyaran murya:
"Jama'a, a kwantar da hankali, mun duba,
ba namu ba ne.
Namu duk suna kan sirdi, alhamdu lillahi."
Na ji wani a bayana ya sauke ajiyar zuciya.
Ban juya ba, ina tsoron in ga na san shi.

"Su can rairayi suka sani, ina suka ga kwana?
Ganganci ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."
Bara, a wannan kwanar, ƙanen Barau ya karya cinya.
Tanimu ya zagi tsakuwa, ya zagi masu shirya gasa,
ya yi kuka a iska, aka tashi wasa.
Yau tsakuwa ba ta da laifi.

Ɗalhatu ne kaɗai ya kashe inji.
Yana gaba da kowa, saura zagaye biyu,
ya jingine babur, ya tako da ƙafa,
ya cire rigarsa ya rufe fuskar.
Tanimu na ihu, "Koma, kofi zai kuɓuce mana!"

A hanyar Shika waya ta yi ta ruri a aljihunsa.
An rubuta Inna.
Ashe ƙanensa ya kara waya a bakin rediyo tun farko,
don tsohuwa ta ji an ambaci ɗanta a Najeriya.
Awa guda tana saurare daga Tasawa.
Ta ji Yero, ta ji Barau, ta ji ba namu ba ne.
Ta ce da ni, "Yaro, wanda ba naku ba ɗin, wane ne?"

Mun yi masa sutura bayan isha.
'Yan acaba sun cika sahu uku,
mai haƙa bai tambayi katin ɗan ƙasa ba.

Ran Talata Tanimu ya turo babur ɗinsa rumfata,
wai birki ba ya ci.
Na gyara, ban yi masa mugunta ba.
Yana ƙirga kuɗi ya ce, "Yaron nan na Nijar, Allah ya jiƙansa,
wa ma sunansa?"
Na buɗe littafin bashi, na juya masa shafin,
na sa yatsa a ƙasan layin.
Na ce, karanta.
Ya karanta a hankali, ba lasifika.