Rassa Uku

Motar Legas ta sauke ni a Kwangila da la'asar sakaliya,
jaka ɗaya, babbar riga ɗaya a ninke cikin leda.
Gobe Rakiya za ta karɓi digirinta,
ni kuwa yau ban san inda zan kwana ba a Zariya.

Ta turo mini suna: Masaukin Tantabara.
"Rassa uku gare su, Baba, duk abu guda ne,
ka ɗauki wanda ya yi maka."
Yaran yanzu, su a ganinsu zaɓi ba ya da wuya.

Ɗantani mai Keke ya ce mu fara da Samaru.
Shuɗin fenti, tantabaru biyu a jikin allo,
haraba cike da iyaye irina, da kuloli, da katan-katan na lemo.
Saura ɗaki guda, bangonsu ɗaya da janareta,
kuɗinsa kuma ya ninka tun jiya.

Muka juyo Sabon Gari, muka maƙale a PZ
tsakanin tirelar taki da 'yan acaɓa,
rabin awa ina haɗiyar hayaƙi.
Shuɗin fentin nan dai, tantabarun nan dai,
har sabulun, ɗan mitsitsi kamar alewa.
Sai dai ƙarƙashin taga gidan rawa ne,
kiɗa na girgiza gilashi tun kafin magariba.
Yarinyar kanta ta ce, "Alhaji, za ka saba."
Na ce, "'Yata, ba a sabo a dare ɗaya."

"Saura na Tudun Wada," in ji Ɗantani.
Na yi shiru. Na gane layin tun a hoto.
Shi nake ta kewaye wa tun ɗazu
kamar wanda ake bi bashi yana sauya hanya.

Shekara goma sha tara.
Ranar rabon gado ban zo ba, na ce aiki ya riƙe ni.
Kasona ya iske ni a banki, waya ta yi ƙara a aljihu,
gidan Malam Buhari tela ya koma lambobi a jere.
Na biya haya, na sayi firji,
ragowar ban san inda ta shige ba, gaskiya.

Ɗaki na sha huɗu, hawa na biyu.
Farin zanen gado, tawul a naɗe, rimot cikin leda.
Na ɗaga labule.
Zaurenmu ya zama kemis.
An shafe tsakar gida da siminti, an ɗora tankin roba,
amma lemun tsamin Inna yana nan,
wani yaro da ban sani ba yana jifansa da silifas
daga inda nake tsayawa, daidai gurbin rijiya.

Na sauko cike takarda. Suna. Lamba.
Daga ina? Biro ya tsaya.
Tsohon maigadi ya leƙo, ya daɗe yana dubana.
"Wannan goshin na Malam Buhari ne. Ilu?
Ɗan unguwa a otal? Ina 'yan'uwa?"
Na ba shi hannu biyu, na tambayi iyali,
na sunkuya na rubuta Legas,
harafi biyar, ban taɓa jin nauyinsu ba sai yau,
na ɗago ina irin dariyar da ake rufe kunya.

Bayan isha'i Rakiya ta kira.
"Baba, wanne ka zaɓa? Akwai ruwan zafi? Fanka na aiki?"
Na ce akwai komai.
"To, ina ne?"
Na dubi lemun tsamin a hasken fitilar kemis,
na ce, "Kusa da gida."
Ta ce, "Wane gida?"
Na ce, "Kwanta, da sassafe zan taho.
In kin cire wannan hula mai kusurwa huɗu,
zan kawo ki ki ga wata bishiya."